Kaset Ɗin da Ya Tafi Agege

Jama'a, na ga saƙonninku. Wata baiwar Allah ta rubuto mini cewa, "Anti Safara'u, wai ke ko a labari ba kya yin laifi ne?" Na yi dariya har sai da jikata ta leƙo ta ga ko lafiya. To 'yar nan, gyara zama. Yau zan faɗi abin da na yi shekara talatin da 'yan kai ina kewaye shi kamar mai kewaye kwata, kuma ko yanzu da nake danna wayar nan kunya ce fal cikina.

A shekarar da ake kwaso gwamnati daga Legas zuwa Abuja abin ya faru, ina da shekara ashirin da ɗaya. A Agege aka haife ni, can na girma. Babana, Malam Bello, direba ne a wata ma'aikata, kuma ogansa na cikin waɗanda aka fara tasowa, saboda haka mu ma muka tattaro komatsanmu muka biyo. Aka ba mu ɗaki biyu a Nyanya. Shi ogan yana Maitama, wadda a lokacin rabinta ciyawa ce da kangon gini. Zamani ne da ba wanda ya san gobensa. Yau a ce ma'aikata kaza za ta taso, gobe a ce an ɗage, jibi a ce za a rage mutane kafin a taso. Kowa kunnensa a tsaye yake.

Wanda zan aura, Aminullahi, akawu ne a wata ma'aikatar da layi bai zo kanta ba, don haka yana can Agege a gidansu. An riga an kai gaisuwa, saura sa rana. Mahaifiyarsa, Hajiya, mai sayar da atamfofi ce, mace mai kwarjini wadda in ta dube ka ta saman tabarau sai ka tuno laifin da ka yi bara. Ba ta taɓa ce mini komai marar daɗi ba, amma ba ta taɓa yi mini murmushi ba.

Ku 'yan zamani da kuke tura murya a waya, in kun yi ɓaranɓarama ku goge kafin a ji, ku gode wa Allah. Mu kaset muke yi. Ka zauna gaban rikoda, ka danna jan maɓalli, ka yi maganarka, ka naɗe a takarda ka ba direba. Namu direban Ɗangoggo ne, mai babbar motar da ke jigilar kabad da fayil na gwamnati. Duk Asabar biyu yake tsayawa a bakin titin Nyanya ya karɓi saƙonnin mutane. Kuma kaset yana da ladabinsa. Gefen farko na gida ne, a tsakar gida ake kunna shi, ka gaida kowa da sunansa, in ka tsallake mutum ɗaya ka jawo gaba. Gefe na biyu kuwa na mai kaset ne, ya shiga ɗaki ya ji abinsa. Ni saboda kunya ban taɓa sa komai a gefe na biyu ba.

To ga inda na kwafsa.

A Agege na yi makarantar koyon buga tafireta ta wani Malam Kure, kuma ba yabon kai ba, ni ce ta ɗaya. Tafiretocinsa tsofaffi ne masu taurin kai, sai ka doki harafi kamar ya zagi uwarka kafin ya fito. A kansu hannuna ya saba. Da muka zo Abuja aka ce wata ma'aikata a Garki za ta ɗauki masu buga takardu, Baba ya kai sunana da kansa. Tun kafin ranar jarrabawa ya gama gaya wa mutanen masallaci cewa 'yarsa ko ido a rufe tana bugawa.

Ranar na sa atamfata shuɗiya, riga da siket, na yafa farin gyale. Aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, mu goma sha biyu. Ina zama na ga tafiretar gabana da waya a gindinta, tana wani gurnani a hankali. Mai lantarki ce. Ban taɓa ko ganin irinta ba. Aka ce a fara. Na ɗaga hannu na sauke yadda na saba, sai na ji tarrrr, rabin layi ya cika da harafi ɗaya. Na sake bugawa, ta sake zubo wasu. Ina ƙara ruɗewa ina ƙara ƙarfi, tana ƙara haukacewa. Wata a bayana ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Gumi ya jiƙa mini baya a cikin wannan sanyin. Ban jira an ce lokaci ya cika ba, na ɗauki jakata na fita.

Da na iso gida Baba yana zaune a ƙofa da maƙwabta biyu. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini. Yana hango ni ya miƙe, fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka.

"Uwata, an dace?"

Wallahi ban buɗe baki ba. Kai kawai na gyaɗa. Na so in ce na ji, ko ina zuwa, ko in shiga ciki tukuna, ni kaina ban san me na so in ce ba. Amma kafin in ɗago Baba ya ce alhamdu lillahi, maƙwabta sun fara sa albarka, Innata ta rangaɗa guɗa daga ciki. Daga ranar ya sake mini suna, ya koma ce mini Ma'aikaciya.

Kun san ƙarya ba ta tafiya ita kaɗai. Ranar Litinin na yi wanka na shirya, Inna ta zuba mini shinkafa da wake a kula, Baba ya miƙo mini sabuwar jaka baƙa da ya sayo a kasuwar Wuse. Shi da asuba yake wucewa Maitama, saboda haka ni kaɗai nake hawa bas. In sauka a Eriya Wan, in zagaya bayan shaguna, in zauna kan wani bulo a ƙarƙashin bishiyar mangwaro har la'asar. A nan nake cin abincin Inna, kowace loma sai na tura ta da ruwa. Sabon ma'aikaci yakan yi watanni kafin a fara ba shi albashi, don haka ba wanda ya tambaye ni komai. Na yi kwana goma sha ɗaya a haka.

Rana ta goma sha biyu hadari ya haɗo, ina tunanin inda zan raɓe, sai na ji murya a kaina.

"Ke Safara, wane irin ofis ne wannan da ba shi da rufi?"

Maman Prudence ce, maƙwabciyarmu ta layi na uku. Sunanta Elizabeth, mutuniyar Kafanchan, gajeriya mai faɗi, kullum da lema a hammata. Kuma ita ce shugabar masu buga takardu a ma'aikatar da na je jarrabawa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara kame-kame, wai an aike ni ne.

"Bar wannan," ta ce. "Ni na buga lis ɗin da hannuna. Sunanki ba ya ciki. Tun ranar ina kallonki kina fita da jaka, ina cewa yarinyan nan za ta gaji. Tashi, ruwa yana zuwa."

Muka hau bas tare har muka kusa sauka. Ta ciro makulli daga jakarta ta danƙa mini.

"Ɗakina babu kowa da rana. Ki zauna a can, ya fi bayan shago. Amma ki ji da kyau. Ba zan kai ki ƙara ba, ba zan kuma yi miki ƙarya ba. Ranar da Mamanki ya tambaye ni, zan faɗa. Ki yi sauri ki gyara abinki."

Ɗakinta tsaf yake, gado da labule mai furanni, hoton mijinta marigayi Zacharias a bango, sai rikoda a kan kabad wadda take koyon waƙoƙin zumuntar mata da ita. Ina ganin rikodar na tuna Asabar ta sama Ɗangoggo zai zo, kuma Aminullahi yana jiran kaset. Baba ya riga ya aika musu da albishir ta bakin wani. Maimakon in tsaya nan, sai na sayo kaset na ƙara zurfafa ramin.

Na gaida Hajiya da kyau da kyau. Na gaida Kawu Muktar, na gaida Khairat ƙanwar Aminullahi, na bi kowa da sunansa har tsohuwar da ke haya a ɗakin ƙofa. Sannan na saki baki. Na ce teburina yana kusa da taga. Na ce tafireta mai lantarki aka ba ni, kuma cikin kwana biyu na gane kanta. Na ce ogana ya ce bai taɓa ganin hannu irin nawa ba. Har dariya na yi a ciki, jama'a, wata 'yar dariya ta yanga wadda har yau in na tuno ta sai na runtse ido.

Ina kashe rikodar na ɗago, na haɗa ido da kaina a madubin kabad. Abin da na tara na kwana da kwanaki ya ɓalle.

"Maƙaryaciya," na ce. "Banza, wofi, mai hannun taɓarya. Kin ci amanar ubanki, kina cin abincin uwarki a bayan shago kamar akuya. Wa zai aure ki? Ke ko a bola aka tsince ki an yi asarar sunkuyawa."

Ban san Maman Prudence ta dawo ba. Zazzaɓi ya taso mata aka ce ta tafi gida. Tana tsaye a bakin ƙofa da lemarta.

"Wa kike zagi a ɗakina?"

"Ba kowa, Mama. Ni ce."

"To ke ba kowa ba ne?" Ta zauna a bakin gado tana cire takalmi. "Ƙanwarki da kuka bari a makaranta, Ikilima. In ita ce ta faɗi jarrabawa ta ji tsoron Babanku, haka za ki ce mata?"

"Haba Mama, ai sai in rarrashe ta."

"Me za ki ce?"

Na san abin da zan ce wa Ikilima, har na ji kalmomin a bakina, amma na ga ba su dace da ni ba.

Ta sunkuya ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Cike yake da takardun ofis da suka lalace, an yi bugu a bayansu. Ta ce shekarar da mijinta ya rasu aka taso ta Abuja, ta bar yara biyu wurin uwarta, ta zo da Prudence a goye. Ba ta san kowa ba. Sai ta riƙa tsayawa minti goma bayan an tashi, ta buga wa kanta wasiƙa. Ta zaro ɗaya ta karanta mini. "Elizabeth, yau kin yi kuka a bas mutane suna kallo. Ba komai. Kin yi wa yarinya wanka, kin zo aiki, kin yi kuskure uku kin gyara biyu. Sannu."

Ni dai a raina na ce wannan ai sabon salo ne. A fili kuma na ce, "Mama, mu a wurinmu yabon kai jahilci ne."

"Ban ce ki yabi kanki ba. Ƙaryan da kika yi ba shi da kyau, kuma za ki gyara. Na ce ki gaishe ta. Marar lafiya ba a gaishe shi? Tun da hannunki yana tsoron inji yanzu, yi da baki." Ta ciro kaset ɗin ta juya shi ta mayar.

"Na Aminullahi ne fa."

"Bayansa babu komai. Ranar Juma'a sai ki goge."

Washegari na zauna gaban rikodar nan na fi rabin awa ban iya cewa komai ba. In na buɗe baki zagi ne yake tasowa. Can dabara ta zo mini, na ce bari in yi shi kamar tatsuniya, tun da ba a jin kunyar tatsuniya. Na danna jan maɓalli na ce, "Ga ta nan ga ta nanku. Wata yarinya ce aka koya mata cewa komai sai an doke shi yake fitowa." Na ba da labarin ɗakin sanyi, da gurnanin injin, da dariyar da aka yi. Na faɗi yadda uban yarinyar ya miƙe tsaye da ya hango ta, da yadda ta ga in ta ce a'a fuskar nan za ta mutu a gaban maƙwabta. Da na mayar na saurara, sai na ji tausayin yarinyar ya kama ni. Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun ranar jarrabawa.

Kwana na biyu na bar tatsuniya na kira ta da sunanta. Na ce, "Safara'u, sannu. Kin ji tsoro ne. An ɗauko ki daga garin da kika sani an kawo ki inda ko mai gyaran takalmi ba ki sani ba, kowa yana jiran ki zama abin alfahari. Kin yi ƙarya, kuma ƙarya ce, ba zan canja mata suna ba. Abin da kika faɗa wa su Hajiya a ɗaya gefen, ko taga ɗaya babu gaskiya a ciki. Amma ke ba bola ba ce." Kullum sai na ƙara kaɗan. Na faɗi tsoron da nake yi wa Hajiya, har na ce in ta dube ni ji nake kamar atamfar da ta gano jabu ce. Na faɗi yadda nake son Aminullahi, da kalmomin da ko a mafarki ban taɓa gaya masa ba. Na ce, "Baba zai ji ciwo. Ki bar shi ya ji, ubanki ne, ba zai mutu ba. Ki ba kanki kwana kaɗan ki tara ƙarfi." Na fara cin abincin Inna ba tare da na tura shi da ruwa ba.

Ranar Laraba da safe ina ɗaura ɗankwali na ji hon a bakin titi, irin na Ɗangoggo mai kamar kukan saniya. An canja masa rana. Mutane suka fito a guje da wasiƙu da ƙullin kaya. Inna ta leƙo.

"Ke, ina kaset ɗin yaron nan? Yi maza kar ya tashi."

Yana cikin baƙar jakata. Na zaro na ruga na miƙa masa ta taga, har ina ce masa a gaida mutanen Agege. Sai da na isa ɗakin Maman Prudence, na buɗe jaka zan ci gaba daga inda na tsaya, na ga wayam.

Na ce to, da sauƙi, gefe na biyu ai shi kaɗai zai ji. Ban gama wannan tunanin ba na tuno rikodar Hajiya. Daga Makka ta zo da ita, doguwa mai bakin azurfa, kuma abin da take taƙama da shi a kanta shi ne ba a juya mata kaset. In gefe ya ƙare da kanta take juyawa ta ci gaba. Ni da bakina na taɓa yaba wannan rikodar.

Magana zarar bunu ce. Babu waya, babu wanda zan aika ya tare mota a Lokoja. Kwana tara na yi ina jira, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya ɗanɗana irinsu. In na rufe ido sai in ga tsakar gidan nan, an shimfiɗa tabarmi, ana jin dariyata ta yanga, sannan rikoda ta yi ƙas ta juya. Sau da yawa zagin yana tasowa har maƙogwaro. Ba ni da kaset, don haka sai in dafa ƙirjina in ce, sannu Safara'u, abin ya riga ya tafi, ki sha ruwa. Ba ya hana kunyar, amma yana barina in miƙe in yi salla da hankalina.

A cikin kwanakin ne Maman Prudence ta shigar da ni ofishinsu lokacin da aka fita cin abinci. Ta zaunar da ni gaban irin injin nan ta riƙe mini wuyan hannu.

"Taɓa kawai. Kamar kina duba ko ruwa ya yi zafi."

Na taɓa. Harafi ɗaya ya fito, shi kaɗai, tsaf.

"Kin gani? Ke komai da duka kike yi, har kanki."

Ranar Juma'a Ɗangoggo ya dawo. Ya miƙo mini ƙulli a farin hankici, ya ce gobe da sassafe zai juya, in da amsa. Na kai ɗakin Maman Prudence na kwance. Kaset ɗina ne, da rubutun hannuna a jiki. An dawo mini da kayana. A wurinmu kun san me wannan yake nufi. Na kasa sa shi, sai ita ta karɓa ta sa, ta zauna kusa da ni.

Maimakon muryata, sai na ji ta Aminullahi, a dushe.

"Safara'u, mutum goma sha ɗaya ne a tsakar gida. Da ya juya na tashi zan kashe, Hajiya ta ce kar wanda ya taɓa. Khairat ta fara dariya, Hajiya ta kore ta ɗaki. Har ƙarshe aka ji. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba, don na gama gaya wa abokaina. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Amma abin da kika ce a kaina, na ji, kuma ban san haka ne ba. Ga Hajiya."

Aka yi ƙarar jan kujera, sai tari, sai muryar nan da nake tsoro.

"Ke yarinya. Kin yi mana ƙarya, kin sa ɗana ya yi wa mutane ƙarya. Gefen farko na sa an goge, don ba na ajiye irin wannan a gidana. Na biyu ban taɓa shi ba. Sau uku na ji shi." Ta gyara murya. "Na haifi tara na binne huɗu, ban taɓa ce wa kaina sannu ba. Ban san ana yi ba. Kuma ni ban ce ke jabu ba ce, haka idona yake. Yarinyar gefen farko ban san ta ba. Ta gefe na biyu ita nake so a kawo mini gida. Amma ba zan tura kawunnansa sa rana wurin mutumin da bai san halin da 'yarsa take ciki ba. Ni ba zan gaya masa ba. Ki gaya masa da bakinki, ba da rikoda ba. Na bar wuri a ƙarshen gefen nan. In Ɗangoggo ya dawo mini da muryar Malam Bello a kai, za su taso. In ya dawo babu, to kowa ya riƙe nasa."

Kaset ya ci gaba da juyawa babu magana. Maman Prudence ta kashe, ta naɗe wayar rikodar ta ɗora mini a cinya.

"Babanki yana gida. Na gan shi a ƙofa, bai je wurin oga ba yau."

Bayan la'asar ne. Baba yana zaune kan tabarma a ƙofar ɗaki, ya tuɓe hula yana yanke farce da reza, Inna tana tsince shinkafa a gefe. Tafiyar layi uku ce, amma sai da na tsaya sau biyu. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, Ma'aikaciya, yau da wuri? Har da rikoda aka ba ku?"

Na durƙusa na ajiye ta. Yatsana yana kan maɓallin, dannawa ɗaya kaset zai yi mini aikin. Na janye hannuna na dafa ƙirji, na faɗi abin nan a zuci, sannan na buɗe baki.

"Baba, ban ci jarrabawar ba. Ban taɓa zuwa aiki ba ko sau ɗaya."

Na faɗa masa duka, kaina a ƙasa, har bulon Eriya Wan da abincin Inna. Inna ta saki faranti shinkafa ta watse, ta fara salati. Baba kuwa ya daina yanke farcen. Ya ninke rezar a takardarta, ya sa hularsa, ya zura takalmi ya fita. Na san inda ya nufa, kuma na san su wa zai tarar a can, mutanen da ya yi wata guda yana ba su labarina. Ban tashi daga inda nake ba har aka idar da magariba.

Da ya dawo idonsa ya yi ja. Ya zauna, ya nuna rikodar da haɓa.

"Me ke ciki?"

Na gaya masa sharaɗin Hajiya, na kuma gaya masa abin da ke ɗaya gefen. Ya ce in kunna wannan ɗin. Muka zauna mu uku muna jin tatsuniyar yarinya mai hannun taɓarya. Da aka zo inda na ce uban ya miƙe tsaye da ya hango ta, sai ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Da aka zo inda na ce ubanki ne, ba zai mutu ba, ya yi wani sauti da ban gane ba ko dariya ce ko kuka. Ya ɗaga hannu, na kashe.

"Juya shi," ya ce. "Kai shi wurin da ta bari. Wanne ake dannawa?"

Na nuna masa jan maɓallin. Ya danna da babban yatsansa, a hankali, kamar mai tsoron kar ya fasa. Na jira in ji ya fara da gaida Hajiya kamar yadda ake yi. Ya matso da bakinsa kusa da rikodar, amma ni yake kallo.

"Uwata," ya ce, "sannu."

Daga nan ya ce ni da Inna mu shiga ciki mu rufo ƙofa, sauran maganar tsakaninsa da Hajiya ce. Ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa. Da gari ya waye shi da kansa ya naɗe kaset ɗin a farin hankicin, ya taka har bakin titi ya miƙa wa Ɗangoggo, ni kuwa ina tsaye a ƙofa da ɗankwali a hannu, ban san ko kalma ɗaya daga abin da ya tafi Agege ba.